Matatar Malam Gide da Kifin Ƙarshe

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa na daɗe, da yatsa ɗaya nake rubutu. Masu cewa in sa soyayya, ba a nan ba.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Kankara, shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila. Malam Gide mai gyaran fitilu ya binne matarsa Hajaratu. Ta bar mashi ɗaki, da akwatin gilashi na jajayen kifi, wanda ɗansu Harisu ya kawo mata daga Kaduna lokacin da ɓarin jikinta ya shanye, don ta sami abin kallo. Harisu na aikin hanya a Sabuwa, ya gina gidan siminti, yana son ɗauke uban. Ranar sadakar arba'in, a gaban Liman, Malam Gide ya ce, "Kifin nan ba su kai Sabuwa da rai bisa wannan hanya. Ranar da na ƙarshe ya mutu, a kawo mota in hau." Bai taɓa faɗin magana ya janye ba.

Bazara ta zo. Rijiya ta ja baya, ruwa ya koma ja. Malam Gide ya haɗa wa kifin matatar ruwa da hannunsa. Ruwa ya yi fari. Kifi kuma suna ta mutuwa. Saura biyu.

*

Ya dawo daga masallaci rana ta ɗan ɗago. Tun daga zaure yake jin famfon matatar: ƙas, ƙas, ƙas. Shi ke nan abin da ke magana a gidan.

Kwanon koko na bakin ƙofa, an rufe da faifai. Talatu ta zo ta tafi. Ƙanwar Hajaratu ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke kawo mashi abin kari kullum yana masallaci.

Bai taɓa kokon ba. Ya ɗaga labule.

Kifi ɗaya na bisa ruwa, cikinsa a sama.

Ya tsaya. Bai yi salati da ƙarfi ba, a cikinsa ya yi. Ya sa hannu ya ciro shi, ya fita bayan ɗaki, ya tona gindin zogale inda sauran suke, ya rufe, ya danne da diddige.

Ya koma ya zauna a kan kujerar tsugunno, bayansa jingine da gadon da ba kowa.

Na ƙarshen na nan inda ya saba, a lungu, bayan dutse. Shi dama bai shiga cikin 'yan uwansa. Bakinsa a turɓune, kamar an ci mashi bashi.

Ruwan kuwa garau. Kana hangen tsagar bango ta cikinsa.

Wannan ruwa Malam Gide ya yi alfahari da shi a majalisar bakin kasuwa. Da ya fara haɗa matatar dariya suka yi mashi. Da ruwa ya yi fari, da kansa ya kira su suka gani. Almu mai shayi har ya ce a haɗa mashi irinta.

Ya dubi gadon ya ce, "To."

Tana da rai bai cika yi mata magana ba. Yanzu ne yake ce wa gadon "To."

Ya cire waya daga kan batir. Famfo ya yi shiru. Ya jawo matatar gabansa.

In laifin nata ne, yau zai gani.

Robar alewa ce babba mai murfin murɗawa, wadda ya karɓa a kanti. Ya huda ta wuri biyu da ƙusa mai zafi, ɗaya kusa da gindi, ɗaya a murfi. Tiyon ƙasa na jawo ruwa daga akwatin kifi. Ruwan ya taso ta cikin robar, ya fita ta murfi, famfo ya tura shi ya koma akwatin yana zuba daga sama. Famfon na jan fetur ne, na wata mushen Landiroba, sai da ya dafa shi ya wanke har warin ya fita. Bakin murfin ya naɗe da robar tayar keke don kada ya yi yoyo.

Ya murɗe murfin. Ya shimfiɗa buhu, ya dinga fitar da kayan ciki kashi-kashi.

Auduga a sama. Ƙarƙashinta soso. Sai yashin rafi da ya tankaɗe da rariya. Sai gawayin kirya na dajin Sabuwa, wanda ya wanke har ya daina baƙanta hannu. A can gindi tsakuwa.

Ya shinshina gawayin. Babu wari. Ya murza yashin. Babu tsatsa, babu maiƙo. Ya duba tiyo a hasken ƙofa. Lafiya lau.

Abu ɗaya ya gani. Audugar ta kama wani farin abu mai yauƙi, ba irin jar lakar rijiya ba. Ya leƙa gindin akwatin. Irinsa ne kwance tsakanin duwatsu, fari-fari.

Ya ɗauraye komai, ya mayar yadda yake, ya ɗaure murfi. Saura tada ruwa. Famfon ba ya ja in tiyo na da iska, sai an zuƙa da baki. Rabonsa da yin haka tun ranar da ya fara kunna ta.

Ya sa tiyo a baki ya zuƙa.

Ruwa ya cika mashi baki.

Bai tofar ba. Ya riƙe shi. Harshensa ya ɗaure, dasashinsa ya tsuke. Bauri.

Duk wanda ya sha ruwan randa a bazara ya san wannan baurin. Alimun ne, farin dutsen nan da mata ke juyawa a ruwa laka ta kwanta.

Ya tofar a ƙasa.

Shi bai taɓa sa wa kifin alimun ba. Daga guga yake zuba masu, ba daga randa ba. Kuma mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan ban da shi.

Ya tuna zuwan Harisu na baya. Ya tuna atamfar da ya miƙa wa Talatu a zaure, da yadda suka yi ƙasa da murya da suka ji tafiyarsa.

Ya ce wa gadon, "Kin ji ɗanki."

Ranar bai buɗe rumfarsa ta gyaran fitilu ba. Ya kwashe ruwan nan mai kyau ya watsar a tsakar gida, ya jawo na rijiya ja jawur ya zuba. Kifin ya ɓace a cikin laka, sai inuwarsa. Da la'asar ya tafi tasha wurin Hadi mai cajin batir, don a ba shi na aro a sa nashi a caji, kamar yadda suka saba. Ya tarar da rumfa a kulle. An ce Hadi ya tafi Faskari gaisuwar mutuwa.

Ya dawo hannu wofi. Kokon safe na nan, ya yi sanyi, ƙuda na kan faifai.

*

Washegari Juma'a. Ana sallame sallar asuba bai zauna lazimi ba. Ya dawo gida, ya shiga ɗan ɗakin da yake ajiye tsofaffin fitilu, ya bar ƙofa a ɗan buɗe.

Gari ya waye. Ya ji takunta.

Ba ta yi sallama ba, ta san ba kowa. Ta ajiye kwano a bakin ƙofa. Ta ɗauki na jiya, ta buɗe, ta ga ba a taɓa ba. Ta yi tsaki a hankali. Ta ɗaga labule ta leƙa.

"Oh ni Talatu. Ya sake yin ja."

Ta shiga.

Ya ba ta ɗan lokaci, sannan ya fito ba takalmi.

Ta duƙa bisa akwatin, hannunta cikin ruwa har gwiwa, tana juyawa. Bakin zanenta a kwance.

"Fiddo hannunki."

Ta zabura har ta bugi gadon.

"Innalillahi! Malam! So kake zuciyata ta faɗo? Yaushe ka koma aljani?"

"Buɗe."

"Mi zan buɗe?"

"Hannun."

Ta mayar da shi bayanta. Mace mai jikoki, amma sai ta yi tsaye kamar yarinyar da aka kama a tukunyar miya.

"Ka sha kokonka tukuna, jiya ma ba ka..."

"Talatu."

Ta buɗe. Guntun alimun, ya narke ya yi sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

Ya dube shi. Ya dube ta.

"Tun yaushe?"

"Malam..."

"Tun yaushe na ce."

"Tun da ka haɗa abin nan naka."

"Shi ya sa ki?"

"Wa?"

"Kin san wa."

Bai faɗi suna ba. Harisu ɗan fari ne. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma cika yi mashi magana kai tsaye ba. Sai dai "wancan", sai "ce mashi".

Talatu ta saki baki.

"Harisu? Harisu kake nufi?"

"Atamfa ɗaya ta ishe ki ki kashe abin da yayarki ta bari?"

"Kashe?"

"Ɗaya bayan ɗaya. A hankali, don kada in gane. Ya ƙare, a kawo mota, a kwashe tsoho kamar buhun dawa."

"Wallahi tallahi..."

"Kada ki rantse mani a ɗakin nan."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗaga kai.

"To ba ni rantsewa. Amma za ka ji. Atamfar ta sunan jikata ce, ka tambayi kowa. Maganar da ka ga muna yi a zaure, cewa ya yi, Inna, yana cin abinci kuwa? Ni kuma na yi mashi ƙarya na ce kana ci."

Ya kau da kai.

"Ka tuna da ka gama haɗa robarka? Ka kunna, ka zauna nan inda kake tsaye. Gari ya waye ruwa ja. Ya sake wayewa ruwa ja. Ba ka fita rumfa, ba ka ci, ba ka sha. In kawo koko in zo in ɗauke shi yadda na ajiye. A bakin kasuwa ana cewa Malam Gide ya zare, yana yi wa kifi ƙarin ruwa kamar asibiti. A kunnena aka faɗa."

"Wa ya faɗa?"

"Ka ji ka! Abin da ya dame ka ke nan. Ni dai na duba na ga, to, mi ke cikin wanga abu? Ruwa ne ya yi ja. Mu da muke fama da jan ruwa tun muna 'yan mata? Na kwance bakin zanena na juya mashi, yadda nake yi wa randarka."

"Randa daban."

"Da na dawo ɗaukar kwano na ji ka daga zaure. Dariya kake, Malam. Kai kaɗai. Rabon da in ji dariyarka tun kafin Yaya ta kwanta. Kwanon kuma ka shanye shi tas, har ka sa yatsa."

Ta share hanci da gefen mayafi.

"Shi ke nan. Duk ranar da ka ƙara ruwa ya yi ja, in juya."

"Suna mutuwa kina gani."

"Na ɗauka zafi ne! Kaji ma mutuwa suke a bazarar nan. Alimun dai? Alimun da muke sha, 'ya'yanmu na sha, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai?"

"Mu sha muke. Su a ciki suke numfashi."

Ta dubi guntun da ke hannunta. Ta sake shi ya faɗi ƙasa kamar ya ƙona ta.

"La'ilaha illallahu. Ni na..."

Ta zauna daɓas a bakin gadon yayarta.

Malam Gide ba ita yake kallo ba. Robar alewar yake kallo, da tiyonta biyu, da robar tayar da ya naɗe da kyau.

"Ke nan ba ita ta tace ba."

"Malam..."

"Na tara mutane. Na ce su zo su ga aikina."

"Ban sani ba ko tana yi. Ban bar ta ta yi ba."

Da zagi ta yi mashi da ya fi sauƙi. Ya juya mata baya.

"Tashi ki tahi."

"Ba inda za ni."

"Gidana ne."

"Ɗakin yayata ne. Dubi kifinka."

Ya duba. Laka ta fara dunƙulewa tana sauka, ruwa na washewa daga sama. Ga kifin ya fito daga lungunsa. Ya karkace gefe guda. Kuncinsa na buɗewa yana rufewa da sauri.

Malam Gide ya ɗauki ƙwarya ya kamfato shi. Ta riga shi fita da guga.

"Ba na randa ba!"

"Na sani! Yau dai na sani!"

Rijiyar ta yi zurfi, igiya sai da aka ƙara mata. Guga na sauka sai ya bugi laka, ya dawo rabi. Talatu na ja, shi yana ɗauka. Ya mayar da kifin cikin ruwan rijiya a wata ƙwarya, ya kwashe na akwatin duka, ya ɗauraye duwatsu, ya sake audugar, ya zuba sabo. Gwiwarsa na ƙara duk duƙawa. Ita tana haki kamar ta yi daka.

"Wai kai, da ba ka da ni da wa zai ja maka guga?"

"Da ba ni da ke da ban buƙaci guga ba."

"Haka ne," in ji ta. "Wannan ka faɗi gaskiya."

Akwati ya cika. Ya saki kifin a hankali. Jan ruwa ya haɗiye shi.

Ya zuƙi tiyo. Wannan karon ƙasa ya ji a bakinsa, ƙasa zalla. Ya ɗaura waya.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Suka zauna, shi a kujera, ita a ƙasa, ba mai kallon wani. Rana ta hau. Ɗakin ya ɗauki zafi.

Can ya miƙa hannu ya ɗauko farin kofin tangaran na Hajaratu. Ya ɗebo daga cikin akwatin, ya duba, ya mayar. Sannan ya tara a bakin tiyon da ke dawowa daga matata. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Zo ki gani."

Ta leƙo.

"Wanga bai kai wancan ja ba," in ji ta. "Kamar ruwan tsamiya."

"Mm."

"Ashe tana yi."

"A hankali take yi."

"Ai kamar mai ita."

Bai kore ta ba.

Kifin ya taso. Ya zo daidai inda ruwa ke zuba yana kumfa, ya tsaya a karkace, yana buɗe baki. Nan iska take. Malam Gide ya san wannan: duk ranar da famfo ya tsaya a zafin nan, sama suke tasowa suna haki.

Talatu ta ce, a hankali, "Daure, Malam Ƙarami."

Ya juyo.

"Mi kika ce?"

Ta rufe baki da hannu.

"Ba komi."

"Na ji."

"Yaya ce ta sa mashi. Duk ta sa masu suna, kai ne ba ka sani ba. Wanga ta ce ba ya shiga mutane, ba ya fara'a, kullum yana lungu yana hararar duniya. In ka fita rumfa sai ta ce, Talatu, ba Malam Ƙarami abinci daban, in ba a kai mashi ba ba ya roƙo."

Ya mayar da kai ga akwatin. Gemunsa ya motsa.

"Ni ma abin da ta ce mani ke nan a kanka," in ji Talatu. "Ranar da za ta cika."

Ƙas. Ƙas.

Ya ɗaga kai.

Ƙas.

Tazarar ta ƙaru. Ruwan da ke zuba ya sirance. Ya cire waya ya kankare kan batir da wuƙa ya mayar. Famfon ya ɗan yi sauri, ya sake ja baya.

"Mi ya same shi?"

"Batir."

"A kai wa Hadi mana."

"Yana Faskari."

"To wa ke da..."

Ba ta ƙarasa ba. Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Sun san ƙarar. Fijo ce a-kori-kura.

"Salamu alaikum."

Talatu ce ta amsa.

Harisu ya cire takalmi a bakin ƙofa. Dogo ne kamar uban, ƙurar hanyar Sabuwa har a girarsa, makullin mota a hannu. Ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Inna, ina kwana."

"Lahiya," in ji Malam Gide, yana kallon batir.

Harisu ya dubi akwatin. Ya dubi jan ruwa, da kifi ɗaya a karkace. Ya dubi tsakar ɗakin da ta jiƙe.

"Salihu direba ya ce mani jiya an ga rumfa a rufe. Ya ce kifin sun kusa ƙarewa." Ya yi ƙasa da murya. "Na zo da motar ba kaya. Akwai igiya da tamfol. Ba wai yau ba, Baba. Ko da kayan rumfa ne a fara ragewa."

"Ce mashi akwai saura," in ji Malam Gide.

"Yana ji," in ji Talatu. "Kunnensa lahiya lau. Harisu, ni na kashe su. Alimun nake sa masu ban sani ba. Shi kuma ubanka cewa ya yi kai ka sa ni."

"Talatu!"

"Ai gara ya ji."

Harisu bai motsa ba. Makullin da yake juyawa a yatsa ya tsaya.

"Ni, Baba?"

Malam Gide ya ci gaba da kankare kan batir.

"Ni na sawo mata su. A cinyata na riƙo robarsu daga Kaduna, direba na yi mani dariya. Ba gidan nake so ba. Ba kifin nake jira su mutu ba. Kullum ina can, in na ga mutumin Kankara ya nufo ni sai gabana ya faɗi. In ce shi ke nan, an buɗe ɗaki an same shi shi kaɗai."

Ƙas.

Dukansu suka jira na gaba.

Bai zo ba.

Ruwan tiyo ya ɗiga, ya ɗiga, ya tsaya. Kumfar ta watse. Ɗakin ya yi irin shirun da ya yi ranar da aka fita da Hajaratu.

Kifin ya kai baki saman ruwa. Ya buɗe. Ya rufe. Ya ƙara karkacewa.

Malam Gide ya taɓa wayar. Ya girgiza batir. Ya san ba amfani. Akwai masu mota a tasha, amma kafin ya je ya yi bayani a yi mashi dariya a kwance batir a kawo, an gama.

Batir ɗaya ne a kusa. Yana ƙofar gida.

Tun da yaron nan ya fara samu, ya kawo rediyo an mayar mashi, ya kawo babbar riga tana nan a ƙunshe, ya ce zai sa kwano a rufin ɗaki an ce a bari. Uban bai taɓa ce mashi ba ni ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye. Ya juyo ya dubi ɗansa a ido.

"Harisu."

Ƙwaryar da ke hannun Talatu ta suɓuce.

Harisu ya ɗago kai a hankali, kamar bai tabbata da shi ake ba.

"Na'am, Baba."

"Ciro mani batirin motarka."

Harisu ya dubi kifin. Ya dubi gadon uwarsa. Ya dubi makullin da ke hannunsa.

"In na cire, motar ba ta tashi."

"Na sani."

"In ya rayu, kai ma ba ka tashi."

"Na sani."

"Damina na zuwa, Baba. Hanya za ta yanke. In wani abu ya same ka..."

"Roƙonka nake."

Talatu ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa zaton za ta ji wannan kalma daga bakin nan ba.

Harisu ya miƙe. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya sa takalminsa. Suka ji takunsa a tsakar gida, suka ji shi a zaure, suka daina ji.

Malam Gide ya durƙusa gaban akwatin, ya riƙe wayoyin nan biyu, ɗaya a kowane hannu. Kifin ya sake buɗe baki.

A waje ƙofar mota ta buɗe.

A irin wannan Fijo, mariƙin buɗe bonet, murfin inji inda batir yake, a ciki yake, kusa da inda ake sa makulli.

Malam Gide ya kasa kunne, ya ji ko bonet za a buɗe ko inji za a tayar.